Mai Tsaya Wa Gwaggo

Allah Ya jiƙan Baba, mahaifin maigidana, Ya yafe masa. Yau kwana arba'in da aka fitar da shi daga gidan nan.

Ranar da ya rasu tsakar gidanmu na unguwar Nima a Akra bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ina zaune cikin mata a ƙofar ɗakina ina amsa gaisuwa, kuma da yake ni ba mai yawan magana ba ce, kunnena ya kwashi abin da kowa ke faɗa. Liman ya ce tunda aka kafa masallacin unguwa bai taɓa yin sallama ya rasa Baba a sahun gaba ba, in ban da azahar, wadda kullum sai ya zo mata a makare, yana warin doki. Wani tsohon ɗan sanda da suka san juna tun a bariki ya ce an binne hannun da babu irinsa, ya faɗa har sau uku, sannan ya nemi goro. Daga can bakin ƙofa wani ya ce, "To, dogarin goɗiya ya ajiye aiki." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa in mamacin tsoho ne.

Wata mai tallan kifi da muke ce wa Maame ce kaɗai ba ta yi dariya ba. 'Yar asalin garin nan ce, daga bakin teku take hawowa da tiren soyayyen kifi, kullum rana tsaka take bi ta bayan gidanmu. Ta durƙusa gabana, ta riƙe hannuna, ta ce da irin Hausarta, "Uwar yara, sannu. Tsoho ya tafi. To wa zai tsaya ma dokinshi?"



Dokin da take nufi goɗiya ce, ja mai farin goshi, ta tsufa har furfura ta zagaye idanunta. Gwaggo muke ce mata. Baba ne ya sa mata, ya ce ta girmi duk yaran gidan, don haka ba za su kira ta gatsal ba, kuma da safe in sun gaishe shi sai su je su gaishe ta. Rumfarta tana bayan gida, dab da madafata. Ba a hawanta, ba ta jan amalanke, ba ta haihuwa. A duk Nima babu wani doki sai ita.

Tsakanina da Baba akwai kunya, kamar yadda aka san suruki da matar ɗa. Shekara goma sha ɗaya ina gidansa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, Gwaggo yake gaya wa. Yana goge mata jiki, ina tankaɗe, sai in ji ya ɗaga murya kaɗan.

"Gwaggo, ki gaya wa 'yar mutane kokon yau ya yi tsami."

Ni kuma sai in dubi tukunya in ce, "A ce masa gasarar ce ta kwana biyu."

"Gwaggo, kin ji. Gasara ce mai laifi."

Da haka muka yi hirar shekaru. Duk abin da na sani game da shi, a bayan kunnen goɗiyar nan na tsince shi.

Shi ba haifaffen nan ba ne. Daga can arewa ya fito, hayin kogin Kwara, yana saurayi, cikin ayarin fatake masu kawo dawaki kudu. Ya ce da suka shiga kurmi ƙudan tsando ya dinga kayar da dabbobin ɗaya bayan ɗaya, uku kacal suka ga teku. Fataken suka juya gida, shi ya tsaya a Akra, wadda har ya mutu Ankara yake ce mata, ya kama aikin barga wajen Turawa kusa da filin sukuwa. Bai sake komawa ba. Labarin rasuwar mahaifiyarsa ma a bakin wani mai goro ya ji, bayan shekara huɗu da binne ta.

Amma ba wannan yake yawan ba Gwaggo labari ba. Labarin da baya gajiya da shi na dawakin fadama ne. Ya ce lokacin yana ƙarami yaƙi ya watse garuruwa a ƙasarsu, masu dawaki suka mutu, dawakin suka shige wata fadama suka hayayyafa, babu ragama babu turke. In ya kai shanu kiwo sai ya hau tsamiya ya wuni yana kallonsu.

"Mutane suna tsammani ingarma ne shugaba," in ji shi. "Ina! Shi fankama ya iya, yana can baya yana kora yana zare ido. Wata tsohuwar goɗiya ce mai tsagaggen kunne, ita ta san inda ruwa yake. In ta ɗaga kai ta kama hanya, kowa ya bi. In ba ta sa baki a ruwa ba, babu mai sha. Kin ji ko, Gwaggo? Danginku ne."

Ya ce sukan tsaya bibbiyu, kan wannan wajen wutsiyar wancan, kowa yana kore wa ɗan'uwansa ƙuda. Sukan sosa wa juna doro da haƙori, kuma kowa da wanda yake sosa wa, ba a yi da kowa. In duƙushi namiji ya fara jin kansa, uban ya fatattake shi daga garke.

"Sai ki gan su su uku su huɗu, korarru, sun haɗa nasu gungun, suna yawo suna kokawar banza, ba uwa ba ƙanwa. Kamar dai mu da muka zo Ankara."

In ya faɗi wannan yakan yi dariya, sannan ya daɗe yana tsefe mata geza.

Abin da ya fi nanatawa shi ne barci. Ya ce doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma wannan ba ya isarsa. Barcin gaske sai ya kai haƙarƙarinsa ƙasa, kuma ba zai kai ba sai ya ga wani a tsaye. "In garke ya zube da rana, ƙirga su da kyau. Za ka samu ɗaya bai kwanta ba. In waɗancan sun tashi, shi ma ya samu nasa."

Yadda Gwaggo ta zo hannunsa, faɗa ne. Ni ban gani ba, ba a kawo ni gidan ba tukuna, amma tsohon ɗan sandan nan ya ba da labarin a zaman makoki, ya yi daidai da abin da na sha ji ta bayan rumfa. Baturen da Baba ke wa aiki yana da dawaki biyu, Gwaggo da wani akawali, baƙi wuluk, turkensu kusa da juna shekara shida. Akawalin ya kamu da sammore ya mutu da safe, lokacin Baba ya fita da Gwaggo kilisa. Kafin su dawo Bature ya sa an ja gawar an kai bayan gari, an wanke wurin da ruwan magani. Gwaggo ta dawo ta tarar da turke babu kowa. Kwana uku tana haniniya, a na huɗu ta tsinke ragama ta afka wa shingen waya tana nemansa, ta yage ƙirjinta. Tabon yana nan har yau.

Baba, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ba, ya je har barandar Bature, wanda ma'aikata ke kira Masa, wato maigida, ya tsaya da hularsa a ka.

"Masa, kai ka yanke ta, ba waya ba. Da ka bari ta shinshina shi, da ta sani ya mutu, ta yi kwana biyu ta haƙura. Yanzu ita a wurinta ɓata ya yi. Wanda ya ɓata kuwa nemansa ake yi."

Bature ya ce a gaya wa mutumin nan dabba ba ta zaman makoki. Baba ya ce a gaya wa Masa shi ya kwana a barga shekara ashirin, Masa bai kwana ko ɗaya ba. A ranar aka sallame shi. Goɗiyar kuma aka ce ta lalace, za a harbe. Baba ya roƙi a ba shi ita, Bature ya kaɗa hannu ya ce ya kwashe ta ya ɓace masa da gani. Haka ya jawo ta a ƙasa, ƙirji ɗaure da tsumma, har Nima, wadda a lokacin gidaje ne jefi-jefi cikin ciyawa.

Ya so ya sama mata abokin zama. Sayen wani doki ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗaure mata rago a rumfa. Suka shaƙu, ragon yana kwana tsakanin ƙafafunta, in an kai shi kiwo tana kiransa. Layya ta zo, babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya ce ai ragon gida ya fi na kasuwa. Aka yanka. Maigidana ya ce mini Baba bai ci naman ba, ya ɗauki fatar da ɗuminta ya kai wa Gwaggo ta shinshina, ya ce daga yau ba zai sake haɗa ta da abin da ake sa wa wuƙa ba.

Tun daga nan ya zama shi ne garkenta. Kullum in rana ta take tsaka, ya ajiye igiyar da yake tufka, ya je bakin rumfa ya tsaya, hannuwa a baya. Ba ya zama, ba ya jingina, ba ya jan carbi. Gwaggo ta zagaya turke sau biyu, ta lanƙwasa gwiwa, ta zube da wani dogon nishi, ta miƙe ƙafafu. Wani lokacin har kofatonta na motsi kamar tana gudu a mafarki. Shi yana nan tsaye har ta tashi ta kakkaɓe jiki. Ni a lokacin ina madafa, bayansa kawai nake gani: farar riga mai faci a kafaɗa, da ƙeyarsa. Na ɗauka saboda ni yake juya baya, don kada mu haɗa ido. Har ina jin nauyin na takura wa tsoho a gidansa.

Unguwa ta sa masa dogarin goɗiya. Yaya, wanda ke da rumfar yadi a kasuwar Tudu kuma yana jin kunyar mutane, ya zo wata rana ransa a ɓace.

"Baba, ana mana dariya har Sabon Zongo. Ana cewa ubanmu yana gadin barcin dabba."

"Gaskiya suka faɗa."

"Kana makara salla saboda ita!"

"Ina makara jam'i. Sallar ina yi. Wanda nake yi wa ya san inda na tsaya."

"To a sayar da ita mana, ko a kai ta ƙauye."

Baba ya juya ga goɗiyar ya ce, "Gwaggo, kin ji ɗanki. Shi da ya yi wata uku ba ya barci sai a kafaɗata, ina zagaya barga da shi kamar mai tallan gishiri. Yau shi ke ƙirga wa wani barci."

Yaya ya kaɗa riga ya fita. Ya yi wata biyu bai tako gidan ba.

Alherin da Baba ya yi mini, ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata. Lokacin yaƙi aka ɗauki maigidana soja, aka sa su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama. Ya bar ni da 'ya mace tana tafiya da namiji a goye. Shekara biyu bayan nan aka aiko takarda daga bariki, wani akawu ya karanta mana a tsakar gida. Babu gawa, babu kabari, ko hularsa ba a kawo ba. Na shiga takaba, barci ya ƙaurace mini. Duk lorin da ya yi ƙugi a hanya sai in miƙe zaune. Na san an ce ya mutu, amma jikina bai yarda ba. Mahaifiyata ta zo daga Sabon Zongo da rubutu a kwalba, na sha, a banza. Na rame har zanina yana zamewa, nonona ya ɗauke.

Wata rana da Gwaggo ta tashi daga barcinta, maimakon in ji takun Baba ya nufi masallaci, sai na ji ya nufo ƙofata. Ina kwance ina kallon rufi. Ta ƙarƙashin asabari na ga dugadugansa, masu faso, sun tsaya, yatsun suna fuskantar waje. Ya ɗaga murya zuwa bayan gida.

"Gwaggo, ke kin samu naki. Ki yi haƙuri da ni, akwai wata."

Bai ƙara ko kalma ba. Na zuba wa dugadugan nan ido, ina jira su motsa, ba su motsa ba. Ban san lokacin da na tafi ba. Kiran la'asar ya tashe ni, ɗana yana barci a gefena, dugadugan suna inda suke. Haka ya yi mini kullum har na fita takaba. Bai taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, ko ta bakin tukunya.

Ɗansa ne fa ya mutu. Wannan sai yanzu nake juya shi a raina. Ya tsaya wa goɗiya, ya tsaya wa matar ɗansa, ban san wanda ya tsaya masa ba. Ɗakinsa yana can ƙarshen gida shi kaɗai, matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, abokan da suka zo Ankara tare duk sun riga shi. Ko yana barci, ko ba ya yi, ban taɓa tambaya ba.

Da na gama takaba iyayena suka ce in komo gida. Na ce sai yaran sun ƙara wayo. Yaran suka yi wayo, ban koma ba.

Daminar bana tari ya kama shi. Ya ci gaba da tsayuwarsa, sai dai ya fara dogara sanda. Wata rana ina jiƙa wake na ji yana magana a hankali, ba da muryar da yake aiko mini saƙo ba, amma ya san ina ji.

"Gwaggo, ranar da za a fitar da ni, ki ce wa 'yar mutane ta kwance ki ta kawo ki. Ki shinshina ni sau ɗaya. Kada a yi miki irin ta Masa."

Hannuna yana cikin ruwan wake. Na ce wa ƙwaryar, "A ce masa Allah Ya ba shi lafiya."

"Gwaggo, ba wannan na tambaya ba."

Na ce, "A ce masa an ji."

Ya yi kwana uku a kwance, ya cika ranar Talata da hantsi. Nan da nan gida ya cika. Yaya ya iso, idonsa jawur, yana ba da umarni, abu na farko da ya ce shi ne a ɗauke dabbar nan a kai ta garkar maƙwabta can gangare, mutane za su zauna, kada ta ɓata wuri. Ina gani aka kwance ta. Na yafa mayafi, na ratsa mata, na isa inda maza suka fara. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga makara an jingine. Ni matar ƙane ce, mijin ma ba ya raye. Ta yaya zan ce a kawo goɗiya kan gawar Musulmi?

Na ce, "Yaya."

Ya juyo. "Mene ne?"

Duk suka dube ni. Na ce, "Ruwan wankan ya yi ɗumi."

Aka yi masa sutura, aka sallace shi, aka fita da shi ta ƙofar gaba. Da yamma aka dawo da Gwaggo. Wannan laifina ne, na rubuta shi don kada 'ya'yana su ji labarin a gyare.

Ta shigo tana baza hanci. Ta ja mai riƙe da ita har ƙofar ɗakin Baba, ta cusa kai ciki, ta yi wata haniniya da ta sa matan da suka rage suka fashe da sabon kuka. Daga ranar ta kafa kai wajen ɗakin. Na dama mata dusa da kanwa yadda yake yi, ta shinshina ta bari. Na kai mata rigarsa mai faci, ina tsammani zai yi maimakon abin da na hana ta. Ashe ƙara mata na yi: ta ji warinsa, ta ɗauka yana kusa, ta wuni tana kira. Kuma ba ta kwanta ba. In gyangyaɗi ya ci ƙarfinta sai ƙafafun gaba su lanƙwashe, ta faɗi kan gwiwa, ta zabura ta miƙe. Gwiwoyin suka sale, ƙuda ya samu wurin zama. Ƙafafun baya suka kumbura kamar taɓarya.

Kullum rana tsaka nakan ɗauki kujerata in zauna gabanta. Ina shafa mata goshi, ina kallon idonta, ina lallashi. "Gwaggo, kwanta mana. Ga ni nan. Kwanta, don Allah." Sai ta dube ni, ta ɗaga kai ta bisa kaina tana duban hanya, kunnuwa suna juyawa.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, Yaya ya zagayo bayan gida ya tsaya yana kallon gwiwoyinta. Ba mugu ba ne. Na ga abin ya taɓa shi.

"Wannan azaba ce," ya ce. "Ran Asabar zan zo da mutum daga bariki, mai bindiga. Tausayi ne, ba ƙiyayya ba."

A nan bakina ya buɗe, a makare. Na sunkuyar da kai na gaya masa abin da Baba ya roƙa, da abin da na ce maimakonsa. Ya juyo ya dube ni.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Nauyi, Yaya."

Ya share fuska da hannun riga. "Ko kin faɗa, da ban yarda ba. Kada ki ɗauka ke kaɗai." Ya kai ƙofa ya waiwayo. "In ta kwanta kafin Asabar, shi ke nan. In ba ta kwanta ba, kada ki roƙe ni."

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Ran Alhamis ina zaune gabanta kamar kullum, na riƙe haɓarta ina magiya, sai ga mai kifi ta hawo da tirenta. Ta tsaya bakin danga tana kallonmu, ta taɓe baki.

"Uwar yara, me kike yi haka?"

"Ina tsaya mata, Maame."

"Wannan tsayuwa ne? Kin zauna, kin sa mishi ido kamar za ki saye shi. Tsoho ba ya yi haka."

"Yaya yake yi?"

"Ke kina cikin gida, bayanshi kika sani. Ni ina hanya, fuskanshi na sani. Shekara nawa, tun daga gangare yake ganina. Idonshi yana nan, yana can, kare ya wuce ya gani, keke ya wuce ya gani. Ba ya kallon doki ko kaɗan. In na gaishe shi ma da gira yake amsawa." Ta gyara gammo. "Wa zai yi barci ana kallonshi? Ni ma ba zan yi ba."

Ta wuce tana kiran kifinta.

Na zauna kamar an zuba mini ruwa. Ashe ba don ni yake juya baya ba. Na tuna dugadugan nan a ƙarƙashin asabari, yatsu suna fuskantar waje. Da ya tsaya yana kallon ƙofata, da ban runtsa ba.

Na ɗauke kujerar na kai madafa. Na zo bakin rumfa, na duba ƙasa, sai ga gurabu biyu da ƙafafunsa suka lotsa, damina ma ba ta shafe su ba. Sun fi ƙafata girma. Na sa ƙafafuna ciki, na juya wa Gwaggo baya, na harɗe hannuwa a baya.

Ban taɓa ganin abin da yake gani ba sai ranar. Hanya ta gangara zuwa rafi, ta haura wajen unguwar Mamobi. Mata biyu da tulu. Shirwa tana shawagi kan mahauta. Can nesa ƙurar wata lori da ta kama hanyar arewa, ina kallonta har ta ɓace. Babu mai yi maka magana a wurin nan. Duk wanda ka tsaya dominsa yana bayanka, ba ka ganinsa. Shekara goma sha biyar yana wannan kallo.

Rana tana dukan ƙeyata, gumi yana bin bayana. Na ji numfashinta a kafaɗata, mai ɗumi, ta shinshina mayafina. Wuyana ya yi ta son juyawa, na hana shi. Wani kare ya ɓullo daga ciyawa, na bi shi da ido har ya wuce. Sai na ji taku, ta zagaya turke. Ta tsaya. Ta sake zagayawa. Shiru ya yi tsawo har na fid da rai. Sannan na ji ƙarar gwiwa, na ji ƙasa ta amsa, na ji dogon nishin nan da rabona da shi tun Baba yana kan ƙafarsa.

'Yata ta leƙo daga madafa ta yi raɗa, "Inna, ta kwanta!"

Na ce, "Yi shiru. Koma ciki."

Hawaye yana zuba, ban share ba, don kada hannuna ya motsa. Aka kira azahar, aka idar, ina tsaye.

Ran Asabar Yaya ya iso rana tsaka, da mutumin bariki a bayansa, bindiga naɗe cikin buhu. Tun daga gangare na gan su. Na amsa sallamarsu da gira. Mutumin ya leƙa rumfa ya ce, "Af, ai ta hutar da mu, ta mutu."

Yaya ya matsa, ya tsura wa haƙarƙarinta ido, ya ga yana hawa yana sauka. Ya dubi kwanon dusa, an lashe. Ya juya ga mutumin ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, yi haƙuri, na wahalar da kai. Ka gaida gida."

Da mutumin ya tafi, Yaya bai tafi ba. Ladan ya kira salla. Ya dubi ƙafafuna cikin guraben mahaifinsa, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe.

"Je ki yi salla," ya ce. Na matsa, ya shiga wurin. Sai ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba, "Ina ake kallo?"

Na ce, "Hanya, Yaya."

Yanzu yakan zo ran Lahadi in rumfarsa tana rufe. Sauran kwanakin ni ce. Gwiwoyin sun warke, sun bar tabo. Har yanzu wani lokacin takan ɗaga kai wajen ɗakin ƙarshe ta yi kira sau ɗaya, ta saurara. Wannan ba zan iya gyara mata ba. Na ji an fara ce mini matar dogari a bakin famfo.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da mahaifiyarsa da ɗansa, waɗanda bai ga gawarsu ba. Malamai sun roƙa masa manyan abubuwa, na ce amin. Ni abin da nake roƙa masa ƙarami ne: ya kai haƙarƙarinsa ƙasa, ya yi barci.

Inuwar danga ta kusa shigewa ƙarƙashinta, rana ta kusa tsaka. Gwaggo ta fara zagaya turke.